Gaɓa Ɗaya a Sunan Baba

Bana ma ruwa ya nuna mana halinsa. Dawa ta yi ciki ke nan sai sama ta washe fes, kullum a tashi da rana a kwanta da zafi. Jiya da la'asar ina zaune a tsakar gida ina tsince wake, sai na ji ana buga murfin tukunya a bayana: ƙwas, dum, dum, ƙwas, dum, dum. Na gane bugun tun ban waiwaya ba. Jummai ce, 'yata, take aikin makaranta, wai an ba su baitin waƙa su auna. Na daka mata tsawa na ƙwace murfin, yarinya ta zaro ido tana neman laifin da ta yi. Ba ta yi komai ba. Bugun ne ya mayar da ni wata shekara da ba na son tunawa.

A cikin shekarun dubu biyu da 'yan kai ne, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa Zuru, sai mutum ya hau tudu yana ɗaga ta sama kafin a ji shi. Ina 'yar sakandare, saura kaɗan in gama. Gidanmu yana wani ƙauye a gefen Manga, gonarmu kuma a jikin tudu take, cikin duwatsun da kakanni suka jera don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Baba shi ne babba a ɗakinsu. Bai yi boko ba, Hausarsa ta coci da kasuwa ce, a gida C'lela muke yi. Amma hauya, kai! Shekarun da ya yi yana golmo, noman nan da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata, har yau tsofaffi suna ba da labarinsu. Da wannan hauyar ya ɗauki nauyin ƙanensa har ya yi karatu a Sakkwato ya dawo Zuru malamin Hausa.

Wannan ƙanen nasa baba ƙarami ne a wurina, amma ko a cikin gidansa Malam ake ce masa, ya hana kowa kiransa da wani suna. Ya dawo da Hausar Sakkwatawa a bakinsa, ya ajiye yarenmu kamar tsohon takalmi. In Mama ta gaishe shi da C'lela, da Hausa yake amsawa. Duk da haka kowace kaka sai Baba ya ɗora masa buhunan dawa a mota, yana alfahari cewa ɗan ɗakinsu ne ke koya wa 'ya'yan Hausawa Hausa.

Kakar da ta gabaci waccan shekarar ta zo da rabin hannu. Sai kuma manyan motoci suka yi ta shigowa kasuwa suna kwashe hatsi suna yin arewa da shi, waɗanda suka sayar suka zo suna cizon yatsa. A karon farko Baba bai aika wa Malam komai ba, don ba shi da shi. Kafin ruwan shuka ya sauka, in ka leƙa rumbunmu ka yi magana sai muryarka ta dawo maka. Da safe kunu ne tsararo wanda kana iya ganin gindin kwano ta cikinsa. Da rana babu. Da yamma Mama ta dafa tafasa ko rama ta barbaɗa ɗan gari don a ce an ci tuwo. Ƙannena suka daina wasa, suna kwance a inuwa kamar marasa lafiya. Nan ne Baba ya yanke shawarar in koma gidan Malam a cikin gari: ga makaranta kusa, ga baki ɗaya ya ragu a gida.

Ranar da na isa, Malam yana zaune a baranda. Na durƙusa na gaishe shi, bai dube ni ba, bayana yake leƙawa. Ya tambayi ina buhu, na ce babu.

“To, madalla,” in ji shi. “Yaya ya aiko min da baki, bai aiko da abin sa mishi ba.”

Gidan ba yunwa. Akwai albashi, akwai garin rogo daga shagon wani Inyamuri a bakin titi, ran Lahadi har shinkafa. Matarsa, Anti Rifkatu, mutuniyar kirki ce amma tsoronsa take ji kamar me. Shi ne kuma malaminmu na Hausa a aji, don haka ba ni da wurin hutawa. In an taso makaranta na gama wanke-wanke, kafin a zuba abincin yamma, sai ya zauna da murfin langa da cokali ya ce in zo a yi awon waƙa.

Ya ce kowace gaɓa ko dai mai nauyi ce ko marar nauyi. Wadda aka ja, ko aka rufe da baƙi, ita ce mai nauyi, sai ya buga tsakiyar murfi, dum. Wadda aka tsinke marar nauyi ce, sai ya ƙwanƙwasa gefe, ƙwas. In aka jera su sun zama ƙafa, in ƙafafu suka yi ta maimaituwa an sami karin waƙa. Abin ba wuya a faɗa. Wuyar ita ce boko ba ya rubuta ja, kunne ne ke jinsa, mu kuwa da wani yare aka raini kunnenmu. Wata rana ya tambaye ni abin da muke ci a Manga, na ce dawa, na tsinke ta. Ya ajiye cokali yana dariya har da hawaye, ya ce daawa ita ce hatsi, dawa kuwa daji ne. Tunda daji muke ci a garinmu, in tashi in je in ci. Ranar da yunwa na kwana, ina jin ƙamshin miyar kuka daga ɗakinsu. Daga nan ya zama doka: in na karya ɗango, a rage mini tuwo. Na tsani mutumin nan, Allah ya sani, amma na koya. Yunwa ta buɗe mini kunne.

Ana dab da hutun damina ya shigo aji ya rubuta waƙa a allo. Ya ce tasa ce, ya yi wa yayansa manomi, yana faɗa yana kallona. Baitin farko shi ne:

Ina gai da Yaya, gwanin kan tudu,
Gama ɗan fari ne, da shi ba gudu.

Sauran baitocin na gona ne da duwatsu da hauya. Ya ce a wannan zangon siga kawai za mu duba: ƙwar biyu ce, ɗango biyu a kowane baiti, amsa-amonta du. Awo da yanayi sai mun dawo hutu. Ni kam ban ji sauran bayanin ba. Farin ciki ya cika ni, na ce ashe mutumin nan yana da zuciya, ashe duk zafin nan na baki ne. Baba ɗan faari ne, shi aka fara haifa, kuma ba ya gudun aiki. Kafin a tashi na haddace.

Na koma gida hutu na tarar abin ya ƙara tsanani. Mama ta rame har zobenta na azurfa yana zamewa. Ana tsakiyar noma na biyu, ruwa yana zuwa yana ɗaukewa, mutane suna shiga gona da cikin da ba komai. A lokacin gayya tana da ƙarfi, ba kamar yanzu da kowa ke goya tankin feshi ya shiga gonarsa shi kaɗai ba. Yau a taru a gonar wannan, gobe ta wancan, mai gona ya ba da abin da ya samu ko da kunun dusa ne. Baba ne ke jan layi, don in yana gaba ba mai iya yin lalaci.

Da yamma yana wasa hauya na karanta masa baitin. Ya tsaya cak. Ya ce in sake, na sake. Sannan ya ce wa Mama da yarenmu, yaron nan bai manta ba. Washegari a gayya sai ga shi ya ɗora baitin a kan muryar noma, in ya ɗaga hauya ya ja faaari har sai ta sauka. Samari suka ɗauka suna amsawa. Mutumin da rabonsa da ƙoshi tun rani, sai ga shi yana noma kamar saurayi. Ya je ya gaya wa fasto cewa ƙanensa malami ya yi masa waƙa, kuma 'yarsa Rahila za ta karanta ranar godiyar kaka. Da zan koma Zuru ya kama zakaranmu, shi kaɗai ya rage a gidan, ya ɗaure masa ƙafa ya ce in kai wa Malam. Ƙannena suna kallo aka fita da shi. Malam ya sa aka yanka a ranar, ni wuya aka ba ni.

Mun dawo makaranta ke nan ruwa ya ɗauke gaba ɗaya. Kullum hadari zai haɗu a gabas baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su fito da bokitai, sai ya zame ya wuce. Ajinmu rufin kwano ne, da tsakar rana kamar tanda. A irin wannan rana Malam ya sake rubuta baitin ya ce a auna. Duk aji muka ɗora hannu a tebur. I-na-gai, ƙwas, dum, dum. Da-Ya-ya, ƙwas, dum, dum. Muka tafi sumul har ɗango na biyu. Ga-ma-ɗan, ƙwas, dum, dum. Da muka zo fa, na buga dum da ƙarfina, don wurin Baba ne.

Malam ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya ce wa ya karya masa waƙa? Ya ce kowace ƙafa a nan da ƙwas take farawa, tun daga farko har ƙarshe, to yaya za a yi faari ya shiga? Wane fari ne ke da fa marar nauyi? Can wata yarinya a gaba ta ce fari na rashin ruwa.

“Yauwa. Ɗan fari. To yanzu ku gaya min yanayin waƙa, yabo ne ko zambo?”

Aka fashe da dariya. Ni kuwa na sake bin baitin a raina ina bugawa a cinyata, ina neman inda ya yi kuskure. Babu. Ƙwas ne. Da shi ba gudu ma ta juye, ta koma ba mai tsere wa masifarsa. Da kunnen da shi ya buɗe mini na ji zagin ubana, kuma na ji cewa an gina shi da kyau.

A gida na durƙusa na roƙi Malam kada a kai waƙar nan gaban jama'a. Na gaya masa Baba yana rera ta a gona, ya ma gaya wa fasto. Na ɗauka zai ji kunya. Ina! Fuskarsa ta washe, ya ce ashe har coci za ta shiga, to lalle da shi za a yi. Ya ce shi bai yi wa kowa ƙarya ba, abin da ya rubuta ke nan, wanda bai iya karatu ba shi ya jiyo. Wata Asabar na je gida na ja Mama bayan rumbu na gaya mata komai. Ta dubi tudu, inda muke jiyo muryar Baba a cikin dawar da ta fara naɗe ganye. Ta ce in bar shi da abinsa, shi ke riƙe da shi a tsaye. Ta ce ko Malam shaiɗan ne ba zai yi haka a ɗakin Allah ba.

Kaka ta zo. Muka yanke dawa, zangarniya ba nauyi, in ka murza a tafin hannu ƙaiƙayi ne ya fi yawa. Abin da a da jakuna ke kwana biyu suna kwasa, mu da Mama muka sauko da shi a ka. Kowa a ƙauyen haka ya samu, kowa kuma yana neman wanda zai ɗora wa. Wasu suka ce zunubi ne, wasu suka ce an bar al'adun tudu ne.

Ranar godiya aka jera 'yan dammunan dawa a gaban bagade, abin tausayi, da kabewa da 'yar gyaɗa. Malam ya iso a kan mashin ɗinsa da farar shadda tana ƙyalli. A bakin ƙofa ya tare ni, ya yi magana a hankali yana murmushi, wanda ya hango mu zai ce albarka yake sa mini.

“Ki karanta daidai, mu koma Zuru tare. Ki ja gaɓar nan, ki zauna nan ki ci daji.”

Baba yana benci na gaba da rigarsa ta zuwa coci, ya sa Mama ta zauna kusa da shi. Da fasto ya kira ni na fita gaba. Na dubi Malam, na dubi Baba. Na karanta ɗangon farko. A na biyu na ja fa ɗin nan, na ja shi har numfashina ya kusa ƙarewa, yadda ko kurma zai san ɗan faari na ce. Aka yi tafi, mata suka yi guɗa, Baba ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na ce a raina shi ke nan, makaranta ta tafi amma na tsare shi.

Sai Malam ya miƙe. Ya nemi izinin fasto cikin ladabi, wai ɗan gyara ne na malanta, tunda waƙar tasa ce. Ya fito gaba ya ce wa jama'a su taya shi, kowa ya buga benci: ƙwas, dum, dum. Mutane suka ɗauka wasa ne, yara da manya suka kama bugu suna dariya, har Baba da tafinsa mai kanta. Da bugu ya zauna sai ya ɗora baitin a kai, ya tsinke fa ɗin. Ya tsaya ya yi bayani dalla-dalla kamar a aji, faari daban, fari daban. Sannan ya ce akwai baitin ƙarshe da bai ba 'yan makaranta ba:

Idan ya fito za shi gona gabas,
Ruwa na ganinai ya kauce kudu.

Sai dariya ta ɓarke daga bencin samari a baya. Wata tsohuwa ta ce, a fili, shi ya sa hadari ke zuwa kan tudun nan ya juya. Fasto ya yi sauri ya ta da waƙar yabo don ya rufe. Abin da ba zan manta ba shi ne Baba. Hausa a hankali take isa gare shi, balle irin ta Malam. Ana dariya shi ma yana murmushi yana gyaɗa kai, ya ɗauka yabon ne ya ci gaba. Sai da ya ga Mama ta rufe fuska da gyale, sannan ya karkata ya tambaye ta da yarenmu me aka ce. Ina tsaye a gaba ina kallo ta gaya masa a kunne.

Bai tashi ya fita ba. Ya zauna har aka yi addu'ar rufewa, ya ɗauki hularsa ya bi hanyar tudu.

Ranar kasuwa direban ƙauyenmu ya kawo mini jakar kayana daga Zuru. Karatuna ya tsaya a nan. Wannan ban cika jin zafinsa ba, don na san da shi na ja. Abin da ya fi ciwo sunan ne, da ya manne. Yara suna bin Baba daga nesa suna buga gwangwani, ƙwas, dum, dum. Manya ba sa faɗa a gabansa, Kiristoci ne ai, ba su yarda da camfi ba. Amma da damina ta kewayo aka zo shuka, sai maƙwabci ya aiko cewa kada Baba ya wahalar da kansa, sun sami hannu isasshe. Wani ma ya aiko haka. Da ranar gayyarmu ta zo, Mama ta sayar da akuya ta yi abinci tukunya guda, muka ɗora a ka muka hau tudu. Waɗanda suka zo ba su cika kunya ɗaya ba. Muka sauko da abincin, ya kwana ya lalace a shekarar da ake lasar kwano.

Ruwa ya yi kyau a wannan daminar, dawar Baba ta fi ta kowa, shi da mu kaɗai muka nome ta. Bai sa sunan ya goge ba. Cewa aka yi Allah ya ji tausayin sauran gari. Baba bai ƙara rera komai a gona ba, sai ƙarar hauya kawai kake ji. Sau ɗaya ya taɓa tayar da maganar. Muna hutawa a ƙarƙashin ɗorawa, bai dube ni ba ya ce:

“Rahila, a takarda wanne aka rubuta?”

Na ce, “Baba, a takarda duk ɗaya ne.”

Ya ce to. Ya tashi ya koma kunyarsa. Da kaka kuma, ku ji fa, sai da ya ɗora wa Malam buhu a mota, wai ƙane ƙane ne. Na yi kuka ranar kamar raina zai fita, don haushi.

Baba ya rasu da daɗewa. Malam ya zo jana'iza ya yi jawabi da Hausa mai daɗi, har wasu suka share hawaye. Ya yi ritaya da mutuncinsa, ba abin da ya same shi, ɗalibansa su ne malamai yanzu a makarantun Zuru. Ban san baitin ya bi su ba sai jiya.

Da na huce na kira Jummai na ce ta karanta mini abin da aka ba su. Ta karanta. Shi ne, ba a canja ko harafi ba. Ba ta san na wa ba ne, ba ta ma taɓa ganin kakanta ba. Ta ce malaminsu ya ce akwai tarko a ɗango na biyu, duk wanda ya faɗa sifili ne.

“Mama, fa ɗin nan ƙwas ne ko dum?”

Na san amsar fiye da malamin nata, da tuwona na saye ta. Na dubi sama, ko gajimare babu.

“Dum ne. Ja shi.”

Ta gwada a cinyarta, ta yamutsa fuska. Yarinyar tana da kunne. Ta ce ai in ta ja ƙafar ta karye, zai ba ta sifili.

“Ya ba ki. Kakanki ne, ja shi.”

Na miƙa mata murfin tukunyar. Ta buga, ƙafar ta karye, na ce ta sake.